Birnin Saura Ƙiris

A ƙarƙashin ramin yumɓun Tungar Mai Randa akwai wani birni da ba shi da ƙofa mai kuba, ba shi da mai gadi, amma wanda ya shiga da ƙyar yake fitowa. Aljanu ne suka gina shi, mutane ne suka cika shi. Sunansa Saura Ƙiris. Ni ban je ba, kuma ba na fata, amma na san matar da ta je ta dawo. Sunanta Tabawa, maginiyar tukwane ce, ga kuma yadda abin ya faru da ita.

Tabawa ta haifi ɗan fari namiji, aka sa masa Nomau don da damina ya zo. Yaro ne mai wushirya, in ya yi dariya sai ta haɗe masa da shaƙuwa. Da yake ɗan fari ne, kunya ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta yi masa wasa a gaban mutane, sai dai ta saci kallonsa tana murza yumɓu. Yana cikin koyon gudu zazzaɓi ya ɗauke shi. Na biyu ko ranar suna bai kai ba. Mutane suka ce wabi take yi, wato aljanu ne ke ɗauke mata 'ya'ya. Da ta haifi ta uku, mace, tsofaffi suka ba da dabarar da aka gada: aka kai jaririyar bayan gida aka ajiye a kan juji, wata ta ɗauko, aka sa mata suna Ajuji, don masu ɗauka su zaci ba a sonta su ƙyale ta.

Dabara ta ci. Ajuji ta rayu, ta yi ɓul-ɓul, baƙa mai faffaɗan goshi irin na ubanta, ko farcen Nomau ba ta ɗauko ba. Tabawa takan ba ta nono tana kallon bango. Mata suna ta yabonta wai ta iya nuna halin ko-in-kula, aljani ma sai ya yarda. Ni dai a ganina iyawar ta yi yawa.

Wata rana da hantsi Tabawa ta miƙa Ajuji ga Yalwa, yayar mijinta, ta ce za ta ɗebo yumɓu ta dawo kafin yarinyar ta farka. A lokacin Ajuji ba ta shan komai sai nono, ko koko aka ɗiga mata tofarwa take yi. Tabawa ta sauka rami, ta kai dagi sau ɗaya, sau biyu, sai ƙasa ta ɓurma da ita.

Ta yi ta faɗuwa har tsoro ya gaji ya sake ta. Ta dira a kan yashi mai sanyi, a bakin wani kogi, ƙarƙashin sama mai launin ɗanyar tukunya. Babu rana, babu wata, amma ana gani. A bakin ruwan wani aljani na tsaye, ƙafafunsa irin na zalɓe, gemunsa gansakuka, yana riƙe da gorar tuƙi.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai ƙamshin nono, me ya kawo ki ƙasar da ba a haihuwa?"

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba da niyya na zo ba, ƙasa ce ta ci amanata. Ina da goyo a gida, ba ta cin komai sai abin da ke jikina. Ka taimake ni da hanya."

Aljanin ya ce hanya ba wuya, tana tsallaken kogi. Ya nuna mata wani tudu a can gaɓar, haske na saukowa a kansa. Tana bin yatsansa da kallo sai idonta ya faɗa kan wani ɗan jan kwalekwale a tsakiyar ruwa, a tsaye cak, ruwa na gudu yana barinsa. Wani yaro na ciki yana wasa da ruwa. Ya waiwayo ya yi dariya, dariyar ta haɗe da shaƙuwa.

Ba ta san lokacin da ta faɗa kogin ba. Ruwan ya turo ta baya kamar yadda ake ture akuya daga bakin turmi.

Matuƙin ya ce, "Wancan jirgi ya riga ya tashi. Ba ya ɗaukar mai numfashi, ko da za ki ba ni idanunki biyu. Ga biyu a gaɓa, zaɓi ɗaya."

Na farko ƙaton baƙin jirgi ne na fiton dabbobi, cikinsa duk kashin shanu, amma lafiyayye ne, kuma kai tsaye yake zuwa tudun haske. Na biyu ɗan jan kwalekwale ne mai faci, yana yoyo, shi kuma gangara yake bi, sai dai yakan gifta ta kusa da na tsakiyar ruwa. Duk wannan matuƙin ya gaya mata dalla-dalla. Aljanun ƙasar nan ba sa ƙarya, don ba su da bukatarta.

Da a ce jirage biyun nan kaɗai Tabawa ta gani, wace mai hankali ce za ta shiga mai yoyo ta bar lafiyayye? Amma ta ga na ukun. Ta ce wa ranta ai gangara ma ba za a rasa hanya ba, kallo ɗaya kawai za ta yi masa daga kusa. Ta shiga ja.

Kwalekwalen ya gifta, ta miƙa hannu har kafaɗarta ta yi ƙara, tsakaninta da rigar yaron bai fi taƙi ba. Igiyar ruwa ta fizge ta. Ta shiga tsakanin duwatsu masu buɗe baki suna rufewa, wasu kifaye masu haƙoran mutane suka taso suna gwaguyar facin jirgin. Ta toshe hudar da curin yumɓun da ya maƙale a zaninta, tana kwarfar ruwa da tafin hannu tana salati. Da ruwan ya tofar da ita a gaɓa, tudun haske ya ɓace a bayanta, ƙirjinta kuma ya fara nauyi.

Inda ta fita kasuwa ce, a gindin wasu kukoki da saiwarsu ke sama, rassansu a ƙasa. Masu ciniki wasu kai ne ba jiki, wasu jiki ne ba kai, kuma ba wanda ya damu da ita. Ta yi ta tambayar hanya har aka nuna mata wata tsohuwar aljana mai ido ɗaya a tsakar goshi, aka ce ita ke ba da 'yan jagora.

A tabarmar tsohuwar akwai wani tulu da aka liƙe bakinsa. Tabawa na durƙusawa don gaisuwa, sai wata murya daga cikin tulun ta ce, "Inna." Sau nawa Nomau ya kira ta haka tana yi kamar ba ta ji ba, don akwai mutane a wurin!

Ta manta da zancen jagora, ta shiga tayi. Ta taya da 'yan kunnenta, tsohuwa ta ce albarka. Ta taya da hannunta na dama da take gini da shi, tsohuwa ta ce albarka. Ta taya da rabin shekarun da suka rage mata a duniya.

Tsohuwa ta ce, "Albarka, 'yar Adam. Wannan na jawo masu ciniki ne, ba a sallama shi, ko ga sarkinmu. Abin da ake samu ga shi nan, kuma kyauta ne."

Tsuntsaye biyu ne a kan wani reshe. Ɗaya ungulu ce mai saɓaɓɓen kai, tana wari. Ɗayan aku ne mai jar wutsiya, wanda ya daɗe kusa da tulun har ya kwashe muryar da ke ciki. Ungulu ta gyara murya ta ce, "Baiwar Allah, ni na san jujin gidanku, ina kan katanga ranar da aka ajiye 'yarki a kai. Ki riƙe ƙafafuna ki toshe hanci, yanzu na sauke ki a can. Tana kuka, na ji ta da safen nan."

A lokacin nono ya cika wa Tabawa har ya jiƙa mata gaban riga, jijiyoyin ƙirjinta na zogi. Ta miƙa hannu wajen ungulu, wallahi ta miƙa. Sai aku ya karkata kai ya yi dariyar nan mai shaƙuwa. Hannun ya tsaya a iska. Ta tambayi aku ko shi ma ya san hanya, ya ce ya san wata hanya. Ba ta tambaye shi ta ina ba, don ba ta son jin amsar. An ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, to, rashin ɗa ya sa Tabawa ta bi aku. Ungulu ta girgiza fiffike ta koma barcinta.

Aku na gaba tana biye. Suka ratsa dajin da ƙayoyinsa ke tafiya da ƙafa, suna bin sawunta suna tsinke mata zani. Suka ratsa filin da iska ke kiran mutum da muryar 'yan'uwansa. Suka iso wani kwazazzabo da ba a ganin ƙarshensa, gadarsa gadon bayan wani maciji ne, kuma sharaɗinsa duk mai hayewa ya gaya masa inda za shi. Tabawa ta ce gida. Macijin ya yi dariya har gadar ta girgiza, ta haye da rarrafe tana riƙe da ɓawon jikinsa. Duk sanda ta tsaya ta ce ba za ta ƙara taku ba, sai aku ya ce, "Inna," ƙafafunta su ɗauke ta.

Haka suka iso birnin. Ganuwarsa ta ɗanyen yumɓu ce, ƙofarsa a wangale ba ƙyaure. Aku ya tashi ya koma inda ya fito, ko sallama babu.

Mutane ne a ciki, 'yan Adam kamarta, tsofaffi da masu ƙarfi. Wata mata na zaune tana yi wa wata inuwa fifita. Wani na ta gwada wata kuba a jikin bangon da aka zana wa ƙofa. Ta gaida wani dattijo mai sandar kiwo, ta ce ina gajiya, ya amsa mata da, "Saura ƙiris." Ashe gaisuwar garin ke nan.

Dattijon, Korau sunansa, yana riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar wani farin dutse ne mai ƙaho biyu. Ya ce yana da wani farin bijimi da ya fi so a garkensa, kura ta kashe shi. Ya bar sauran shanun a daji ya biyo sawunsa har nan. An nuna masa bijimin, an ce ba a ba da shi, sai ya ɗauki wannan da ya fi kama da shi. Ya shafa bayan dutsen ya ce jiya ma kamar ya ga kunnensa ya motsa.

Tabawa ta ce, "Baba, ba hanyar fita ne?"

Ya ce, "Akwai mana, 'yata, tana cikin fada, kowa ya san ta. Ni ma da zarar ya miƙe tsaye zan kora shi mu tafi."

Gemunsa ya kai cibiya, igiyar ta ci tafin hannunsa ta shige cikin nama. Tsoro ya kama Tabawa irin wanda bai kama ta a kogi ba. Ta rantse a ranta ko me za a nuna mata a fada ba za ta duba ba, ta nufi can da gudu tana tallafe da ƙirji.

Sarauniyar birnin na zaune a kan wata kifaffiyar randa. Tsawonta ya kai rimi, gashinta na zuba ƙasa yana gudana, fuskarta kuwa duk sanda ka kalla sai ka ga kamar ka taɓa saninta. Tabawa ta faɗi ta yi gaisuwa, idonta a ƙasa, ta ce, "Allah ya ja zamanin sarauniya, hanyar gida nake roƙo."

Sarauniya ta ce, "Ga ta can a gindin bango, ba a taɓa toshe ta ba."

Wani rami ne daidai shigar mutum da rarrafe, warin juji na fitowa daga ciki. Can sama, siriri, ana jin kukan jaririya, irin kukan da ya daɗe har murya ta dushe. Nonon Tabawa ya amsa, ya tsinke da zuba. Ta yunƙura.

"Sai dai al'adar fadarmu," in ji sarauniya, "baƙo ba ya fita sai ya ɗaga kai ya ga abin da muke da shi. Gani kawai. Ba ma tilasta wa kowa ɗauka."

Ta ɗaga kai. A hannun dama akwai wani bango na ruwa a tsaye, garai-garai, Nomau na bayansa yana tara tsakuwa. Ba sai an gaya mata ba, ta san ba a shiga. A gaban bangon kuwa, a kan 'yar tabarma, ga wani yaron, kamarsu ɗaya har wushiryar, sai dai fatarsa launin yumɓu ce. Yana numfashi. Ya ɗago hannuwa biyu yana kukan yunwa.

Sarauniya ta ce, "Wancan na Mai shi ne, ya karɓa. Wannan mu muka gina, kuma ke kin fi kowa sanin da me. In ya sha nonon 'yar Adam jini zai fara gudu a jikinsa. Ko ki ɗauke shi, ko ki shiga rami."

Tabawa ta san yumɓu in ta gan shi, a cikinsa ta girma. Ta san kama da wane ba ta wane. Amma sani daban, ƙirji daban. Sai ta yi irin lissafin da ke kai mutum ya baro shi: ai nono biyu Allah ya ba ta, na dama na wannan, na hagu na Ajuji, 'yan kurɓi kaɗan ta ajiye shi ta wuce. Ta ɗauke shi ta rungume a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi wa na gaskiyar ba, ta kira sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba, ta sa masa nono.

Bakinsa sanyi ƙalau. Yana zuƙa, kumatunsa na ɗan yin ja. Kukan da ke cikin rami ya yi ƙasa, ya ɗauke. Ta ce alhamdu lillahi, Yaya Yalwa ta lallashe ta. Ya ƙara zuƙa, yatsunsa suka yi ɗumi, daga ramin ta ji gwarancin yaro mai koyon magana. Ta ce na maƙwabta ne. Ta dubi na bayan bango ta dubi na hannunta, kunnen bai gama yin daidai ba, bari ya ƙara kaɗan. Ya ƙara. Sai ta ji 'yan ƙafafu na gudu a can sama, wata 'yar murya ta ce, "Inna!" Wata babbar murya, wadda ba tata ba, ta amsa, "Na'am."

Tabawa ta ɗago a firgice ta ce, "Ranki ya daɗe, wace ce waccan?"

"'Yarki ce. Kurɓi ɗaya a nan, damina ce ko rani a can."

"Kun cuce ni! Ba ku gaya mini ba."

"Ba ki tambaya ba, kamar yadda ba ki tambayi aku ba." Sarauniya ta sunkuyo har gashinta ya kewaye Tabawa. "Ya ke 'yar Adam, kun sa wa yarinya Ajuji don mu zaci abin yarwa ce. Mu suna ba ya ruɗinmu, kuma ba mu muka ɗauki 'ya'yanki ba, kwanansu ne ya ƙare. Amma ke da kike kiran sunan safe da yamma, ke ya ruɗa. Sau uku ana ajiye miki ita a gefe ɗaya, kina ɗaukar ɗaya gefen."

Maganar ta soke ta har ƙashi, don gaskiya ce. Ta ja yaron daga ƙirjinta, ya ƙi saki. Ya ƙanƙame ta, ya buɗe ido ya ce, "Inna, saura ƙiris." Ta runtse ido ta fizge da ƙarfin da take kwaɓa yumɓu. Hannunsa ya ɓalle a kafaɗa, ƙura ta tashi, babu jini ko ɗigo. Duk da haka sai da ta ji kamar ta sake binne ɗa.

Ramin ya tsuke fiye da ɗazu. Ta cusa kai, duwatsu na yagar kafaɗunta, tana jan ciki cikin toka da ruɓaɓɓen ganye da wari, a bayanta ana ta dariya mai shaƙuwa. Ba ta waiwaya ba. Ta yi ta hawa har faratanta suka ƙare, sannan kanta ya huda ƙasa, rana ta dake ta a ido.

Bayan gidansu ne. An sake katangar, an yi sabon rumbu, ɗan zogalen da ta bari iya gwiwa ya wuce rufin ɗaki. Ta shiga ba sallama. Yalwa na tsakar gida tana tankaɗe, tana ganinta ta saki rariya ta ja da baya tana salati, don an daɗe da yin sadakar Tabawa. Da ta tabbata mutum ce ba fatalwa ba, ta fashe da kuka, ta ba ta labari a tsaitsaye: yadda aka haƙa ramin har aka gaji, yadda yarinyar ta ƙi koko ta rame har aka fid da rai, yadda ita Yalwa ta riƙa ɗura mata madarar akuya da tsinken auduga, ta goya ta, ta yaye ta.

Tabawa ba ta jin rabin abin da ake faɗa. Idonta na kan wata yarinya baƙa mai faffaɗan goshi, da ta fito daga ɗaki riƙe da 'yar ƙwarya. Yau ne karo na farko da ta kalle ta sosai, ta ga ashe kyakkyawa ce. Ta durƙusa a ƙasa, nononta na dama ya bushe ya shanye, na hagu har yanzu yana zuba yana jiƙa tsummar rigarta. Ta buɗe hannuwa ta ce, "Zo, uwata. Zo ki sha."

Yarinyar ta dubi matar nan mai toka a ka, ta zagaya a hankali ta ɓuya a bayan Yalwa, ta kama zaninta. Yalwa ta ce je ki mana, ta ɗan tura ta, yarinyar ta ƙara ƙanƙamewa. Can ta leƙo da ido ɗaya, ta ja zanin ta ce, "Inna, baƙuwar nan kuka take yi. A ba ta ruwa ta tafi gidansu."